Yadda Ake Zaɓe da Ɗaura Sandar Sirdi ta Kabon Mai Ja-baya a Keken Tsere

Yawancin kekunan tseren da ake hawa a Zariya na gwanjo ne. Wani ne ya saye shi daidai jikinsa a wata ƙasa, ya hau ya more, sannan ya faɗo hannunmu. Shi ya sa za ka ga matashi da keke mai kyau, amma kafin ya kai Giwa daga Samaru tafin hannunsa ya mutu, wuyansa ya ƙage, gaban gwiwarsa na zogi. Sau da yawa firam ba shi da laifi. Sirdin ne ya yi gaba da yawa, nauyin jiki ya tattara a kan hannuwa. Abin da ke gyara wannan shi ne sandar sirdi mai ja-baya, wadda maƙallin sirdinta ba ya kan tsakiyar sandar, ya koma baya da milimita 15, 20 ko 25, wani lokaci fiye.

Ra'ayina tun farko: ja-bayan shi ne magani, kabon, wato zare mai ƙarfi marar nauyi da ake daskarar da shi da ƙaro, ƙari ne. Sandar alminiyam mai ja-baya za ta ajiye ka daidai inda ta kabon za ta ajiye ka. Ta kabon tana da nata amfani, amma ba ta yafe ganganci wajen ɗauri, kuma a nan ne akasarinsu ke mutuwa, ba a kan titi ba.

Fara da auna zamanka kafin ka taɓa aljihu

Tsayin sirdi ake fara daidaitawa, domin duk awon da ka yi kan tsayi mara kyau aikin banza ne. Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka har sama, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ka ninka abin da aka samu da 0.883. Wannan lissafi da sunan Greg LeMond aka san shi, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986, 1989 da 1990. In awon ƙafarka santimita 82 ne, za ka samu kusan 72.4. Wannan shi ne nisa daga cibiyar feda, wato tsakiyar sandar da hannuwan feda biyu ke juyawa a kanta a ƙasan firam, zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai, ana iya ƙarawa ko ragewa kaɗan.

Daga nan ka leƙa ƙarƙashin sirdinka. Akwai siraran ƙarafa biyu da maƙalli ke kamawa, kuma galibi an zana musu layuka da alamar iyaka. In ka tarar an tura sirdin baya har maƙallin ya kai ƙarshen layukan ko ya wuce, kuma duk da haka kana jin kana zamewa baya kana neman wuri, to kana bukatar ja-baya. Barin sirdi a haka yana lanƙwasa ƙarafan, wata rana ɗaya ya karye a cikin rami. In kuwa maƙallin yana tsakiya kuma zamanka lafiya lau, ka bar kuɗinka ka sayi taya.

Akwai gwaji biyu da za su ƙara maka haske. Na farko, ka jingina keken a wuri mai shimfiɗa daidai, ka hau, ka juya feda har hannuwanta su kwanta a miƙe, ɗaya gaba ɗaya baya. Wani ya riƙe zare mai noti a ƙarshensa, ya ɗora shi a kan ƙashin da ya ɗan tudu a ƙasan ƙoƙon gwiwar ƙafar da ke gaba. In notin ya sauka a gaban tsakiyar fedar da santimita biyu ko uku, sirdin ya yi gaba. Masana daidaita keke ba su ɗauki wannan a matsayin doka ba, amma yana nuna inda aka dosa. Na biyu ya fi faɗin gaskiya. Ka samu titi marar cunkoso, kamar na cikin jami'a a Samaru da sassafe, ka sa giya mai ɗan nauyi kana tuƙi da ƙarfi, sai ka sassauta hannuwanka daga kan keken a hankali ba tare da ka miƙe zaune ba. In nan take ka ji za ka kifa gaba, nauyinka ya yi gaba. In ka iya riƙe kanka na ɗan lokaci, wurin zamanka ya yi.

Kada ka yi amfani da ja-baya don gyara nisan kan keke. In kan keken ya yi maka kusa, wuyan da ke riƙe da shi ake canzawa. Mai tura sirdi baya don ya samu miƙewa yana sayen ciwon baya ne da kuɗinsa.

Nawa ne ja-bayan da ya dace? Abin ya dogara da tsawon cinyarka da kuma karkatar bututun firam da sandar ke shiga. A kekunan tsere karkatar tana tsakanin digiri 73 da 74 galibi, ƙananan firam kan kai 75. Ga mai sirdi a tsayin santimita 70, ƙarin digiri ɗaya yana matsar da sirdi gaba da kusan milimita 12. Ke nan dogon mutum a kan firam ɗin da ya ɗan yi masa kaɗan, abin da aka fi gani da kekunan gwanjo, zai fi bukatar ja-bayan milimita 25. Burinka shi ne bayan an ɗaura, maƙallin ya zauna kusa da tsakiyar ƙarafan sirdi.

Kafin ka kwance komai, ka rubuta awonka na yanzu. Hanya mafi sauƙi: ka manna tayar baya da bango, keken a tsaye cak, ka auna daga bango zuwa cibiyar feda, sannan daga bango zuwa hancin sirdi. Bambancin shi ne yawan komawar sirdinka baya. Mai niyyar shiga gasa ya sani cewa dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta ce hancin sirdi ya kasance aƙalla santimita 5 a bayan cibiyar feda, sai in an yi wa mutum sassauci saboda yanayin jikinsa.

Kauri: wurin da ba a yin "ai kusan ɗaya ne"

Ka zaro tsohuwar sandar ka duba ƙasanta, akan buga lambar kaurin a jiki. A kekunan tsere milimita 27.2 ya fi yawa, sai 31.6 da 30.9. Tsofaffin firam na ƙarfe kan zo da 26.8 ko 27.0, wasu kekunan Cannondale kuma 25.4. In lambar ta goge, ka kai wa masu gyaran inji su auna da ma'aunin kauri mai baki biyu. Tef ɗin tela ba zai nuna maka bambancin 27.0 da 27.2 ba, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa sanda ta riƙa zamewa, ka yi ta ƙara ɗauri har ka murƙushe ta. In keken yana da giyar lantarki ta Shimano Di2, ka zaro a hankali, domin batirin kan kasance a cikin sandar da waya a jikinsa.

Wasu sababbin kekuna sandarsu ba zagaye take ba, tana da faɗi ko bayanta a shafe, kamar D-Fuse ta Giant. Waɗannan sai ta kamfaninsu kawai, babu dabara.

In bututunka 31.6 ne, za ka iya sa sanda 27.2 ta hanyar hannun riga na musamman da ake sayarwa don haka, mai tsawo sosai, kuma wannan kan ƙara laushi. Abin da ba a yi shi ne yanko gwangwanin madara a cusa, kamar yadda ake yi wa keken Phoenix. Bakin gwangwanin zai yanki zaren kabon.

Sai ƙarafan sirdi. Na ƙarfe zagaye suke, milimita 7. Na kabon suna da ɗan tsawo, galibi 7 da 9. Maƙallin da ke matsewa daga sama da ƙasa yakan karɓi duka biyun, amma mai matsewa daga gefe dole kunnuwansa su dace da irin ƙarafanka. Ni na fi son mai noti biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yana ba da damar daidaita karkatar sirdi kaɗan-kaɗan, kuma in ka faɗa rami a hanyar Kwangila hancin sirdin ba zai ɗaga sama ba kamar yadda mai noti ɗaya kan yi in ɗaurinsa bai kai ba.

Me kuɗinka ke saya?

Masu talla rashin nauyi suke fara ambata. Sandar kabon mai kyau kan yi kusan giram 200, ta alminiyam mai kyau kuma 250 zuwa 300. Ruwan da ke cikin gorarka ya ninka wannan bambanci sau da yawa. Wanda ba gasa yake shiga ba, ba zai ji shi a ƙafa ba.

Abin da za ka ji shi ne laushi. Sandar kabon da aka ƙera da kyau tana ɗan lanƙwasawa baya in taya ta bugi wani abu, tana kuma shanye ƙananan girgizar kwalta mai tsakuwa. Ja-bayan kansa yana ƙara wannan, tunda nauyinka ba ya sauka kai tsaye a kan sandar. Akwai ma wadda aka raba gida biyu don ta yi lilo sosai, irin ta Ergon da Canyon. Amma da sharaɗi: sai sandar ta fito waje da tsawo. In abin da ya fito daga firam bai wuce faɗin tafin hannu ba, kabon da alminiyam duk ɗaya ne a jikinka. Siririya 27.2 kuma ta fi 31.6 laushi nesa ba kusa ba. In kana kan taya mai faɗin milimita 23 da ka cika da iska tamau, ka fara komawa 28 in firam ɗinka zai ɗauka, ka rage iska. Wannan zai yi wa bayanka alheri fiye da kowace sanda, kuma ya fi araha.

Game da ƙarko, kabon ba ya tsatsa, kuma ba ya gajiya da lanƙwasa yau da gobe kamar alminiyam. Sanda mai kyau da aka ɗaura daidai za ta yi shekaru. Rauninsa matsi ne da yanka da bugu. Alminiyam kan lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, shi kuwa kabon kan tsage daga ciki, waje na sheƙi, sai ranar da ya karye gaba ɗaya. Saboda haka in ba za ka iya samun sifana mai auna ƙarfin ɗauri da man ɗaura kabon ba, ka sayi alminiyam irin Thomson ko Ritchey hankalinka kwance. Babu abin kunya a ciki.

Wajen saye

Sanannun masu ƙerawa sun haɗa da Ritchey, Easton, FSA, Zipp, Deda da ENVE, kuma duk ana buga jabun kayan manyan kamfanoni a sayar a intanet. In ka ga sabuwa da babban suna a farashin da bai kai na alminiyam ba, ka san amsar. Rubutun T700 ko T800 a talla sunan nau'in zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan, bai gaya maka komai kan yadda aka jera zaren ko aka gasa shi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an gwada ta bisa ƙa'idar ISO 4210, wadda sashenta na 9 ya shafi sirdi da sandarsa, an kuma rubuta iyakar nauyin mahayi, da ƙarfin ɗauri, da layin iyakar shiga. Wasu masu arha ma ba kabon ba ne, alminiyam ne aka naɗe da fatar kabon. Leƙa cikin bututun daga ƙasa zai tona asiri.

In ta gwanjo ce, a Sabon Gari ka gan ta ko aboki ne zai sayar maka, ka wanke ta tas ka fito da ita rana. Ka duba inda maƙallin firam ya taɓa kamawa. Ƙarcewar fenti ba komai ba ce, amma in ka shafa ka ji wurin ya loɓa, ko ka ga tsaga a tsaye, ko fari-fari kamar ƙarƙashin fentin ya tashi, ka ajiye. Ka duba wuyan da kan ya haɗu da sandar, nan ne ja-baya ke tara wahala. Ka ƙwanƙwasa ta da tsabar kuɗi daga sama har ƙasa: lafiyayyen wuri ƙararsa a tsaye take, wurin da ya rabu daga ciki kuma ƙararsa a dushe. Ka kuma tabbata ba a yanke ta ta yi gajarta ba.

Ɗaurawa

Ka tanadi sifana mai auna ƙarfi, ko ƙaramin alanki da aka saita shi a 5 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) wanda ke yin ƙas in ya kai, da man ɗaura kabon, da sifirit na kemis, da tsumma mai tsabta, da tef. Man nan ba giris ba ne. Yana da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi mai laushi da ke hana zamewa, don sandar ta tsaya ba tare da an matse ta da yawa ba.

Ka fara da goge cikin bututun firam da sifirit har tsumma ya fito fari. Tsohon giris da ƙura duk su fita. Sannan ka zura yatsa ka shafa bakin bututun da gefen tsagar da ke bayansa. In ka ji kaifi, ka goge shi da sanfefa mai laushi, ka sake sharewa. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke jawo dogayen zane a jikin sabuwar sanda tun ranar farko.

Ka gwada zura ta a bushe. Ya kamata ta shiga da ɗan turawar hannu. In sai an buga, ko ta faɗa da kanta tana kaɗawa, kaurin bai dace ba, ka tsaya nan. In ta dace, ka auna tsayinka, ka naɗa tef daidai inda za ta tsaya, ka fito da ita ka shafa man siriri a duk sashen da zai shige. Ka mayar a miƙe, ba tare da murɗawa hagu da dama ba.

Layin iyakar shiga dole ya ɓace a cikin firam. Ban da haka, ƙarshen sandar ya wuce mahaɗar bututun sama zuwa ƙasa, in ba haka ba firam ɗin kansa zai iya tsagewa. In layin yana waje, doguwa kake bukata, mai milimita 350 ko 400, ba addu'a ba.

Yanzu ɗauri. Ka duba lambar da ke jikin maƙallin firam da wadda kamfanin sandar ya bayar, ka bi ƙaramar. Yawanci tsakanin 4 da 6 Nm ne, kuma wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da hannun da ya saba da notin babur ke ɗauka a matsayin ɗauri ba. In a wurin mai gyara kake, za ka iya jin, "Alhaji, ai wannan bai ɗauru ba, bari in ƙara mata." Ka ce masa, "Malam, bar ta haka, ita ba ta son matsi," ka riƙe alankinka. Ba rashin iya aiki ba ne, ƙarfe ya saba da shi.

Ka ɗora sirdi, ka mayar da shi awon da ka rubuta, sannan ka ƙara komawa baya da milimita 5 kacal a karon farko. Notunan kan sandar suna da tasu lambar daban, ka karanta. In biyu ne, ka riƙa ɗaura su bi da bi. Su zaren notunan ana ɗan shafa musu giris. Ka ɗora faffaɗan katako a kan sirdin ka auna da manhajar awon shimfiɗa ta waya: ya kwanta daidai, ko hancin ya sunkuya da digiri ɗaya zuwa biyu. Ka tuna cewa tura sirdi baya yana ƙara nisa zuwa feda, don haka duk santimita ɗaya da ka koma baya, ka sauke tsayi da kusan milimita 3. Ka hau na wasu kwanaki kafin ka sake taɓawa, jiki ba ya ba da amsa rana ɗaya.

Yanke sanda ba dole ba ne, sai in ta yi tsawon da take tokarar wani abu a ciki. In ya zama dole, ka naɗa tef a wurin, ka yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, ka jiƙa wurin da ruwa, ka rufe hanci domin ƙurar kabon ba ta shaƙuwa. Ka goge bakin, ka kuma zana sabon layin iyaka, tunda tsohon ya tashi aiki.

Kula da ita a yanayinmu

Ƙurar hunturu tana shiga ta tsagar bayan firam, ta haɗu da zufa, sai ka fara jin ƙiƙi-ƙiƙi duk lokacin da ka taka. Kada ka ƙara ɗauri. Ka fara da ƙarafan sirdi da maƙallinsu, a nan ƙarar ta fi fitowa, ka kwance ka goge. In ba ta daina ba, ka zaro sandar ka wanke ka sake shafa mai. Zoben roba da aka yanko daga tsohuwar tiyub a wurin mai faci, a zura shi ya rufe bakin maƙallin, yana tare ƙura da ruwa sosai.

Damina ta fi haɗari, musamman ga mai firam na alminiyam. Kabon da alminiyam in suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin kan ci, ya yi farin gari, sandar ta manne kamar an yi mata walda. Maganinsa a zaro ta duk bayan wata uku ko huɗu, da kuma bayan ruwa ya yi maka duka, a kifa keken ruwan ciki ya fita, a bar shi ya bushe. In ta riga ta manne, kada a kusanto da wuta, ko da mai walda ya rantse ya saba. Zafi yana lalata ƙaron da ya riƙe zaren. Zafin rana na Maris da Afrilu ba zai narkar da ita ba, amma ajiye keke a inuwa ya fi wa fentin da ke kare ta.

Kada ka ɗaura kariyar ɗaukar kaya mai kama sanda a jikinta, kada ka goya kowa, kada a matse ta da ƙarfi a maƙallin tsayar da keke wajen gyara. In ka hango rami ko tudun rage gudu, ka ɗan ɗaga daga sirdi. Tef ɗin da ka naɗa ka bar shi a wurin: in ka ga ya fara shigewa ko ya tattare, sandar na zamewa, sai a wanke a sake shafa mai a ɗaura da lambar da aka rubuta. In kuma keken ya faɗi da kai, ko da ba ka ga komai a waje ba, ka zaro ta ka duba sashen da ke cikin firam da wuyanta, ka ƙwanƙwasa ka saurara. Wadda ta tsage ba a liƙe ta da gam, canzawa ake yi.